Yadda Na Tsaya Wa Ɗan Yayana Beli

Ranar Alhamis bayan la'asar 'yan sanda suka je neman ɗan yayana a kasuwar Dei-Dei da ke Abuja. Ba su same shi ba, sai suka wuce gida suka tafi da ubansa. Ina makaranta ina haɗa sakamakon jarrabawa matar Yaya ta kira ni, kuka ya hana ta haɗa magana. Abin da na iya tsinta shi ne an ce dattijon zai zauna a wurinsu har sai ɗansa ya kawo kansa.

Yaron shekararsa 22, yana sana'ar POS a ƙarƙashin lema a bakin layin 'yan katako. Kwanakin baya wani saurayi kafinta ya zo ya ce zai tura masa naira 85,000 ya karɓi tsabar kuɗi. Ya nuna masa shaidar turawa a wayarsa, yaron ya ƙirga ya ba shi, da yake sun saba ganin juna a layin. Har dare kuɗi ba su shigo ba, washegari ma shiru. Ya kira kafintan, shi kuma ya rantse an cire a asusunsa. Zuciya ta ɗebi yaronmu, ya nemo hoton mutumin ya ɗora a Facebook, ya rubuta cewa ɓarawo ne mai yawo da alat na bogi, duk wanda ya gan shi ya yi hattara. Kafin magariba hoton ya zagaye zaurukan WhatsApp na kasuwar. Da kafintan ya fito aiki wasu matasa suka yi masa zobe, suka yage masa riga, sai da dattawan layin suka tura shi cikin wani shago suka ja ƙofa. Bayan 'yan kwanaki kuɗin suka faɗo asusun yaron. Ashe tsakanin bankunan biyu suka maƙale. Sai ya goge rubutun ya yi gum, bai nemi mutumin ba, bai gaya wa kowa a gida ba. Kafinta kuwa ya kai ƙara.

A kan hanya na kira wata tsohuwar ɗalibata da ta zama lauya. Ta bar ni na gama zubo mata komai, sannan ta ce, “Malama, magana biyu ce a nan, kada ki bari su haɗe miki. Riƙe Baba ba ya bisa doka ko kaɗan. Amma neman yaron da ake yi yana kan hanya, dole ya zo ya amsa.” Ta karanto mini sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ake aiki da ita a Abuja: ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita haka a sashe na 36. Na sa ta sake faɗa mini lambobin, na rubuta su a bayan takardar sakamakon da ke hannuna.

Na isa ofishin ana kiran isha'i. A bakin ƙofa aka ce in ajiye waya. Yaya yana zaune a kan benci a bayan kanta, an sa ya cire hula da takalmi, ya dunƙule carbinsa a hannu ɗaya. Mutum ne mai hawan jini, kuma a garinmu shi ke zama waliyyin 'yan matan gidanmu duka. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyarwar ta fi komai yi mini ciwo a daren.

Na gaida wanda ke kan kanta, na ce, “Yallaɓai, mene ne laifin wannan bawan Allah?” Ya ce ba shi da laifi, ɗansa ake nema. Na ce to ai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma doka ta hana a riƙe uba saboda ɗa, na faɗi sashen. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaya ko ni lauya ce. Na ce malamar makaranta ce. Bai musa abin da na faɗa ba, bai kuma sake shi ba. Cewa ya yi mai binciken ƙarar ya tashi, DPO ba ya nan, shi kuma ba shi da ikon sakin wanda aka rubuta a littafi. Abin da na samu a daren shi ne an bar ni na ba Yaya maganinsa da abinci, kuma an yarda ya kwana a bencin, ba a tura shi sel ba. Na sa aka nuna mini lokacin da aka rubuta shigowarsa, na kwafa.

Yaron yana ɓoye a ɗakin wani abokinsa a Zuba. Da ƙyar ya ɗauki waya. “Gwaggo, wallahi in na je dukana za su yi.” Na ce masa ba zai je shi kaɗai ba, da lauya za mu shiga, kuma tun 2017 akwai dokar da ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi a kan duk jami'in da ya yi. Sannan na ce masa ubansa na kwance a kan katako saboda abin da yatsunsa suka rubuta.

Na daɗe ban yi barci ba ina juya wani abu. In na kai yaron da safe, kamar na tabbatar musu cewa dabarar kama uba tana aiki, gobe su yi wa wani. Wannan gaskiya ne, kuma har yanzu yana damuna. Amma ko da ba su taɓa Yaya ba, yaron nan ya jefa ran mutum cikin haɗari, an kai ƙararsa, an neme shi ya gudu. Ba zan tsaya a gaban kanta ina karanta musu doka ba, alhali ina ɓoye wanda dokar take nema. Lauyar ta ce mu kai shi, amma a rubuta cewa da ƙafarsa ya zo, maganar Baba kuma mu ajiye ta daban, za a dawo kanta.

Da safiyar Juma'a muka shiga mu uku. Ba a ɗauki lokaci ba aka miƙo wa Yaya hularsa da takalminsa. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya tsaya ya dubi ɗansa, bai ce masa uffan ba, ya fita ya zauna a gindin bishiyar da ke harabar.

Wurin ɗaukar bayani ne na ga amfanin zuwa da wanda ya san hanya. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, kuma dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dokar 2015 ta ƙara da cewa ana iya ɗaukar bayaninsa a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda tun 1976 aka kafa ta domin marasa hali, ko wani mutum da ya aminta da shi. Yaron ya yi sakandare, amma Turancin takardar 'yan sanda daban ne. Shi ya faɗa da Hausa, mai binciken ya rubuta da Turanci, lauyar ta ce a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu. A tsakiyar karatun ta ɗaga hannu. An rubuta cewa ya ɗora hoton ne domin mutane su hukunta kafintan. Yaron ya ce bai faɗi haka ba, cewa ya yi don mutane su yi hattara. Aka ja layi a kan jimlar, aka gyara, ya sa hannu a gefen gyaran. Sauran kuwa bai musa ko ɗaya ba: shi ya rubuta, shi ya ɗora hoto, kuɗi sun shigo, bai fito ya wanke mutumin ba. Lauyar ba ta ce ya ɓoye komai ba, ni ma da ban yarda ba.

Mai binciken ya yi ta ambaton dokar laifukan intanet, yana cewa wannan magana ce ta Babbar Kotun Tarayya, shekaru ne a gidan yari. Na ga gumi ya keto wa yaron. Lauyar ta amsa a natse cewa sashe na 24 na wannan dokar, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da shi, an yi masa gyara a 2024 an taƙaita shi, abin da ke gabanmu kuma ɓata suna ne, wanda dokar Penal Code ta tanada a sashe na 391 da 392: ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Shekara biyu ma ai ba wasa ba ce. Aka karɓi wayar yaron a matsayin shaida, muka sa aka rubuta ta cikin jerin kayan da aka karɓa.

Sai maganar beli. Na ce ni zan tsaya masa. Wani jami'i da ke gefe ya ce, “Hajiya, mace ba ta tsayawa beli, ki nemo namiji mai gida ko babban ma'aikaci.” Na sha jin wannan maganar tun ina yarinya, har na ɗauka haka dokar take. Ba haka ba ne. Sashe na 167 na dokar 2015 ya faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa wani beli don kawai mace ce ba. Mata nawa ne a unguwanninmu suke riƙe da gida, su biya haya, su biya kuɗin makaranta, amma ranar da aka kama ɗansu sai an tura su roƙon wani ƙato ya zo ya sa hannu, wani lokaci har da biyansa? Na ajiye katin aikina, da katin ɗan ƙasa, da hotuna biyu, da takardar wutar gidan da nake haya. Aka karɓa.

Daga nan aka ja ni gefe aka ce kuɗin takarda naira 30,000. A bangon da ke bayan mai maganar akwai allo da aka rubuta da Turanci cewa beli kyauta ne. Ban yi faɗa ba. Na ce in kuɗin gwamnati ne a ba ni rasit zan biya, in ba haka ba ba ni da su. Sai aka ce to mu jira DPO. Kowa ya san abin da jira yake nufi ranar Juma'a: kotu ta tashi, Asabar da Lahadi babu zama, mutum ya kwana uku a sel. Mutane da yawa a nan suke karaya su biya, ba na kuma ganin laifinsu, domin wanda ɗansa ke bayan ƙarfe ba ya lissafin sashe. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, dokar 2015 kuma ta ce in laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba za a iya kai shi kotu cikin awa 24 ba, a ba da belinsa a ofishin. Lauyar ta rubuta takardar neman beli a tsaye, ta sa aka buga mata hatimin karɓa da lokaci. Muka zauna.

A wannan zaman ne na haɗu da mahaifiyar kafintan. Tana can ƙarshen bencin, tsohuwa ce siririya, ta ɗaure 'yan kuɗin motarta a bakin mayafi. Na matsa na gaishe ta, na ce ni ce gwaggon yaron. Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, “Baiwar Allah, ke kina neman a fito miki da naki. Ni nawa saura ƙiris a kawo mini gawarsa.” Ta ce tun ranar bai koma layin ba, masu ba shi aiki biyu sun janye, iyayen yarinyar da aka sa musu rana sun aiko a dakata tukuna. Ta ce har ƙauyensu hoton ya je. Ba ta ɗaga murya ba. Ni da na kwana ina haddace haƙƙin ɗan'uwana da na ɗansa, sai ga ni a gaban wadda ba ta san lambar sashe ko ɗaya ba, kuma haƙƙin ɗanta ne aka fara takawa.

Yaran yanzu suna yawan cewa ai kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Yana da shi, sashe na 39 ne, kuma ba na so a taɓa shi, domin da shi talaka yake kuka da mai mulki. Amma kundin da ya ba da shi, shi ne ya ce a sashe na 45 ana iya yin dokar da za ta iyakance shi saboda tsaro da zaman lafiya, ko don kare haƙƙi da 'yancin wasu. A sashe na 24 kuma, wanda ban taɓa jin wani ya ambata ba sai a bakin lauyar nan, an jera abin da ke wuyan kowane ɗan ƙasa, ciki har da mutunta darajar sauran mutane da haƙƙoƙinsu. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ma ta ware sassa na musamman kan nauyin da ke kan mutum. Da yaron ya kai kukansa banki, ko wurin shugabannin layi, ko ma ya rubuta cewa kuɗinsa sun maƙale yana neman shawara, babu mai taɓa shi. Abin da ya yi shi ne ya yanke wa mutum hukunci ya miƙa shi ga taro. Shi da kansa, a ranar, yana cin gajiyar ƙa'idar da ta ce ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Kafintan bai samu wannan daga gare shi ba.

DPO ya dawo bayan an sauko daga masallaci. Mutum ne mai natsuwa. Ya karanta fayil ɗin, ya yi wa yaron faɗa sosai, ya sa hannu a belin, ba a sake ta da maganar kuɗi ba. Kafin in sa nawa hannun lauyar ta ce in karanta da kyau. Takardar ta ce na ɗauki alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi, in ya ɓace ana bina naira 500,000. Ba biya ake yi a lokacin ba, amma in ya gudu kotu za ta iya karɓa daga dukiyata, in babu kuma ana iya ɗaure ni har wata 6. Albashina na watanni ke nan. Na sa hannu. A daren na ce ya kwaso kayansa ya dawo gidana, ya kwana a falo tare da yarana.

An so a yi sulhu tun a ofishin, kafintan ya ƙi. Ya ce a bainar jama'a aka kira shi ɓarawo, yana so alƙali ya ji. Na ga gaskiyarsa. Aka kai ƙarar kotun majistare, aka karanta wa yaron tuhuma, tafinta ya fassara masa. Belin 'yan sanda ya ƙare a nan, sai an nemi na kotu, na sake tsayawa. Wannan ya fi tsauri: rantsuwa a rubuce kan abin da nake samu, sababbin hotuna, sannan ma'aikacin kotu ya bi ni har gida ya ga ƙofar da na ce tawa ce. Aka ɗage zaman.

Tsakanin nan muka yi rigimarmu mafi zafi. Abokinsa zai yi aure a Kano, ɗaurin auren ya faɗo kwana biyu kafin ranar kotu. Ya ce zai je ya dawo. Na ce ba zai je ba. Ya ce ai ba a ɗaure yake ba, kotu ba ta hana shi tafiya ba. Haka ne, ba ta hana ba. Amma hanyar Kaduna ba ta da tabbas, mota tana lalacewa, kuma in alƙali ya kira sunansa babu shi, takardar kamu za a bayar, belin ya rushe, ni kuma a juyo kaina. Na ce masa doka ta ba ni damar in je kotu in ce na janye daga tsaya masa, a mayar da shi har ya samo wani, kuma in ya hau motar nan zan yi. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincina. Bai je ba.

Dattawan layin katako ne suka ɗinke maganar daga baya, su da limamin masallacin kasuwar. Yaya ya je da kansa, duk da abin da aka yi masa. Kafintan ya kawo sharuɗɗansa, kuma babu na zalunci a ciki. Yaron zai yi bidiyo da fuskarsa, da Hausa, ya ce ƙarya ya yi masa, kuɗi sun shigo, a ɗora a shafin da aka yi ɓatancin da duk zaurukan da hoton ya shiga, kada a goge. Zai tsaya bayan sallar azahar a masallacin ya maimaita. Zai biya naira 150,000 na asarar aiki, kashi-kashi. Sannan manyanmu za su je gidan iyayen yarinyar su yi bayani da bakinsu. Wannan na ƙarshen ni da Yaya muka je. Uban yarinyar ya saurare mu har ƙarshe, ya ce ya ji, zai yi shawara da 'yan'uwansa. An ɗaura auren, amma sai bayan watanni. Bidiyon wankewar kuwa ko kusa bai yi yawon da hoton farko ya yi ba. Har yanzu akwai waɗanda suka ga na farko ba su ga na biyu ba.

A zaman kotu na gaba lauyan kafintan ya ce sun sasanta, suna neman janye ƙara. Alƙaliyar ba ta karɓa daga bakin lauya kawai ba. Ta sa kafintan ya miƙe, ta tambaye shi ko wani ya tilasta masa ko ya tsorata shi. Ya ce a'a. Ta sallami yaron, ta ce an sauke mini nauyin beli. Na bi magatakarda na karɓi takarduna, aka ba mu takardar da za mu karɓo wayar da ita.

Saura maganar Yaya. Tsarin mulki ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma ana iya shigar da ƙarar a Babbar Kotu. Lauyar ta ce za ta yi ba tare da ta karɓi komai ba. Yaya ya ce a bar wa Allah, ɗansa ne ya jawo, kuma shi ba zai yi shari'a da hukuma ba. Na ce masa, “Yaya, ɗanka ya biya nasa har da tsayawa a masallaci. Su ma su amsa nasu.” Ban iya kai shi kotu ba, kuma ba zan tilasta masa ba, haƙƙinsa ne. Abin da ya yarda da shi shi ne takardar koke. Muka rubuta ta shafi ɗaya: ranar da aka ɗauke shi, lokacin da aka rubuta a littafi, lokacin da aka sake shi, da sassan dokar biyu. Ba mu nemi kuɗi ba, mun nemi a bincika, a kuma ja kunnen masu yi. Ya sa hannu. Na kai ɗaya ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, ɗaya kuma sashen karɓar koke-koke na rundunar 'yan sanda. Ba a biyan ko kwabo a duka biyun. An buga mini hatimi a kwafina, aka karɓi lambar wayata, aka ce za a kira Yaya ya ba da bayani da bakinsa. Ya ce in an kira zai je, amma sai na raka shi.